Gamaliel Kambai da 'Yan Majajjawarsa

Gamaliel Kambai mutumin Zonkwa ne, ya zo Birmingham a 2003. Shekara bakwai yana aiki a wata cibiyar wasannin matasa ta ƙaramar hukuma a unguwar Ladywood, shi ke tsara wanda zai yi aiki yaushe, da ƙungiyar da za ta shiga wane ɗaki. A 2011 gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar. Ya yi wata bakwai a gida kafin ya samu tuƙin bas, daga Small Heath zuwa tsakiyar gari.

A watannin zaman gidan ne fasto ya ba shi makullin zauren coci, ya riƙa buɗe wa masu haya ran Asabar da rana. Masu hayar wasu Turawa ne su takwas, yawancinsu sun yi ritaya. Sukan shimfiɗa koren ƙyalle a tebur, su dasa 'yan tsaunuka da bishiyoyin roba, su jera sojojin dalma waɗanda ba su kai rabin ɗan yatsa ba. Da tef suke auna tafiyar runduna, da ƙwayoyin ludo suke raba gardamar wanda ya sari wani. Yaƙe-yaƙen zamanin Rumawa suke sake bugawa.

Sati uku Gamaliel yana kallo daga bakin ƙofa. Abin da ya lura da shi shi ne tun a takarda ake cin rabin yaƙin. Kowa maki ɗari huɗu ake ba shi ya haɗa rundunarsa. Giwa tana cin maki da yawa, sojoji masu sulke haka, masu majajjawa kuwa araha ne, don ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Ya ari littafin da ya jera irin dakarun da kowace daula za ta iya fitarwa, ya tafi da shi gida.

Matarsa Catherine ta dawo daga gidan kula da tsofaffi inda take aiki, ta same shi a kicin da fensir a bayan kunne.

"Baban Rebecca, da girmanka? Wasan 'yar tsana?"

"Zauna ki gani," in ji shi. "Mutanen nan duk giwa suke saye. Ni na san abin da majajjawa take yi. Da ita muka kori birai daga gonar babana."

Ba ta zauna ba ranar. Amma da ta ga yadda ya dagula fuskokin sojojinsa na farko da fenti, ta ƙwace burushin. Tun daga nan aiki ya rabu, shi da takarda, ita da fenti.

Ya zaɓi rundunar Kartaj, tsohuwar daular Arewacin Afirka. Shekarar farko ya sha kashi sau goma sha ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai ce ƙwayar ludo ce ta cuce shi ba. Yana da ɗan littafi a aljihun rigar aiki. In ya kai ƙarshen layi ya samu hutun minti goma, sai ya fito da shi ya cire ƙungiya guda, ya sa wata. A hankali ya tsaya a kan tsari: ba giwa ko ɗaya, masu sulke kaɗan a tsakiya su riƙe fili, sai ƙungiya bakwai ta 'yan majajjawa a tsaunuka da cikin bishiyoyi. Kafin 2014 ya zama ba mai son a haɗa shi da Gamaliel a zauren.

A 2015 ya shiga gasar kwana biyu a Hulme, cikin Manchester. Ya sauka wurin Malam Uba, wani Bakatsine mai karatun digiri na uku a fannin injiniya, wanda suka saba tun yana Birmingham yana hawa bas ɗinsa. Uba ya rako shi don ya ga abin da ya fito da mutum tun daga wani gari da akwatin takalmi cike da sojojin dalma a hannu.

A bakin ƙofa wata mata mai suna Monica ke duba takardar kowa. Ta karanta tasa, ta cire tabarau.

"Mista Kambai, ba ka ga gyaran da aka fitar watan jiya ba? Masu majajjawa yanzu ba sa wuce ƙungiya huɗu. Kana da bakwai."

Bai gani ba. Saura rabin awa a fara. Wani dattijo a bayansa ya ce yana da giwa biyu da ba zai yi amfani da su ba, ya ara masa.

"Yallaɓai, karɓi mana," in ji Uba da Hausa. "Kyauta ce fa."

"Malam, motar da ban taɓa tuƙawa ba, ba ranar gwaji zan hau ta ba."

Ya yi wa dattijon godiya, ya buɗe akwatinsa. A ƙasa akwai wasu masu jifa da mashi da Catherine ta fente don kawai kalar garkuwarsu ta burge ta, ta cusa su a ciki. Ba su kai majajjawa nisa ba, amma sun fi ta jure karo. Yana tsaye, takarda a jikin bango, ya rage masu sulke ƙungiya guda, ya sa masu mashi huɗu, ya sauya wurin kwamanda. Minti goma sha biyu ya miƙa. Monica ta duba sau biyu, ta buga hatimi.

Wasan farko da mai giwa uku aka haɗa shi. Gamaliel ya bar tsakiya kamar ba kowa, giwayen suka shigo, 'yan majajjawa suka yi musu ruwan duwatsu daga tsauni. Biyu suka firgita suka juya, suka tattake sojojin mai su. Uba, wanda bai san dokar wasan ba, ya yi kabbara da ƙarfi har teburin kusa suka waiwayo. Gamaliel ya ci uku a jere. Na huɗu wata malamar makaranta daga Stockport ta gane dabararsa, ta ƙi shigowa, ta zagaye shi da mahaya, ta cinye shi. Ya miƙa mata hannu, ya roƙi ta bar shi ya kwafi takardarta. Ya ci na biyar, ya ƙare na uku cikin mutum ashirin da shida.

A jirgin ƙasa ya kira gida.

"Maman Rebecca, mutanenki masu jar garkuwa su suka fitar da ni kunya."

"Ai na faɗa maka suna da kyau," ta ce. "Ka sayo burodi in ka sauka."

Bayan gasar mutane suka fara aiko masa da takardunsu ya duba, wasu daga garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Yakan amsa kowa, kuma ba ya ɓoye ra'ayinsa. In tsarin mutum ba zai yi ba, zai ce ba zai yi ba, ya nuna masa inda zai gyara. Har yanzu yana tuƙin bas. Kwanan nan ya koma kan rundunar Masar ta dā mai kekunan yaƙi da dawakai ke ja. Ya rubuta tsari goma sha huɗu bai gamsu ba, Catherine kuwa ta ce ba za ta taɓa burushi ba sai ya tsaya a kan guda.