Carbin da Ya Fi na Coci Tsawo

Yatsunta na fara gani. Ranar da muka tare a ɗakin ƙasa na wani tsohon gida, a lungun da ke bayan gangaren Ladeira da Praça, ina tsaye da tabarma a ka, sai na hangi wata tsohuwa zaune a ƙofar da ke jikin tamu tana jan carbi, leɓɓanta suna motsi. Azumi ya kwana uku a lokacin. Daɗi ya kama ni, na ce a raina Allah ya haɗa mu katanga da 'yar gida. Na sauke tabarmar, na durƙusa kusa da ita, na yi mata sallama ƙasa-ƙasa, yadda muke yi a garin nan don gudun kunnen da bai kamata ba.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Amin, ɗiyata." Sannan ta sumbaci wani ɗan gicciye da ke reto a ƙarshen carbin.

Da na ba maigida labari, dariya ya yi har sai da ya dafa bango. Ya ce, "Ba ki ko shimfiɗa tabarma ba, har kin kai wa coci sallama."

Ba laifina ba ne duka. Ina 'yar shekara bakwai aka kawo ni Bahiya a jirgin bayi daga ƙetaren teku, na tashi a gidan wata tsohuwar Baturiya da idonta ya raunana. Ita ta sa aka koya mini karatun rubutunsu don in riƙa karanta mata 'yan littattafan nan da ake ratayewa a igiya a kasuwa, na masoyan da teku ta raba, da 'yar sarkin da ta gane ɗan'uwanta ta wurin zobe. Sun shige mini kai. Duk inda na waiga ina jiran wani ya zama wanda na daɗe ina nema. Baturiyar ta rubuta mini takardar 'yanci, amma da sharaɗin ba zan bar garin ba muddin tana raye. Maigida kuwa Bahaushe ne da ya fanshi kansa, yana cikin masu ɗaukar manya a kujera daga bakin ruwa zuwa saman gari. Ni ina tuyar ƙosai a ƙofar gida.

Maƙwabciyar nan Inna muka riƙa ce mata. A Bahiya aka haife ta, ba ta taɓa ganin ƙasarmu ba. Tana cikin ƙungiyar baƙaƙen fata ta cocin unguwa, waɗanda ke jinyar marasa lafiyarsu, su kuma binne mamatansu. Shekara ashirin ita ke wanke tufafin siffar Maryamu, mutum-mutumin da ke cikin cocin, ta goge, ta sa mata. Makullin akwatin kyandir ma a wuyanta yake. Duk wanda ya kwanta ciwo a layinmu, ko mai zuwa coci ne ko ba ya zuwa, da ƙwaryar kununta zai fara buɗe ido.

Ba ta taɓa tambayarmu komai ba. Ta dai lura ba na ɗanɗana ƙosaina da rana. Kwana biyu bayan haka, ana kaɗa ƙararrawar faɗuwar rana, sai ga ta da miyar kifi da manja. Ta ajiye ta ce, "Babu naman nan a ciki, ki gaya wa surukina." Tun daga ranar take kiran maigida suruki.

Kafin azumin ya ƙare bayi da 'yantattu masu salla suka yi tawaye. Maigida ba ya cikin waɗanda suka fita, amma wa ke tambaya? Bayan sojoji sun gama da su a unguwar Água de Meninos, gari ya juya a kanmu duka. Farar riga laifi, takarda mai rubutunmu laifi, allo laifi. Daga baya aka ce duk 'yantaccen ɗan Afirka da aka zarga, za a jefa shi jirgi a sauke shi a kowace gaɓa aka ga dama. Idan aka ɗauki maigida, ni ba ni da halin bin sa.

Na rasa inda zan sa kaina a watannin nan. In fara niƙan wake in bari, in leƙa titi, in dawo in tarar mai ya ƙone. Kowane jirgi na hango daga tudu, sai in ce shi ne. Abin da har yau nake jin kunyarsa, wani lokaci nakan ga kaina tsaye a bakin ruwa ina ɗaga masa ɗankwali, iska tana kaɗa mini zane, in ji abin ya yi kyau kamar a littafi. Sai in tuna babu shafi na gaba da zai dawo mini da shi.

Maigida ya ƙona allonsa da hannunsa, ya ƙona takardu. Carbinsa ne ya ƙi. Na itace ne, ƙwaya ɗari ba ɗaya, tsawonsa ya kai kamu uku, malaminsa ya bar masa. Na yi roƙo, na yi kuka, ya ce wuta ta ci abin da za ta ci. A cikin buhun wake muke ɓoye shi. Wata rana cikin damina ya jiƙe, na shanya shi a igiyar tsakar gida na ɗan lokaci. Ashe wani ya hango daga bene.

Da hantsi, ranar wata Laraba, Inna ta shigo ta ƙofar baya ba sallama, tana haki. Maigida yana gida, ruwa ya hana fita.

Ta ce, "Alƙalin unguwa yana saman layi da sojoji biyu. Dogon carbi suke tambaya, an ce an gan shi a tsakar gidan nan. Suruki, ba ni shi."

Maigida ya ce, "Inna, sai dai a jefa shi rijiya."

"Ka jefa su ce ina wanda aka gani? Tsakar gidan nan tamu ce mu biyu, igiyar ma ni na ɗaura ta. Miƙo."

Na zaro shi daga buhun na ba ta. Ta ciji zaren nata carbin, ta cire ɗan gicciyen, ta fara ɗaura shi a jikin tuntun na maigida. Sai ya miƙe tsaye.

"Inna, wannan kam a'a. Ba a haɗa su."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Kai ka haɗa? Ni na haɗa, ni za a tambaya. Zauna, kana tare mini haske."

Ya dube ni, na dube shi. Ya zauna.

Da suka iso, tana zaune a ƙofarta tana ja. Sun birkice ɗakinmu, sun zubar da wake, ba su sami komai ba. Alƙalin ya tsaya a kanta ya ɗaga carbin da bakin sandarsa, ya yi ta ɗagawa bai ƙare ba.

Ya ce, "Tsohuwa, na coci bai kai rabin wannan ba."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na masu ƙaramin zunubi ke nan. Ni miji uku na binne, kuma ba dukansu na yi wa kuka ba."

Ɗaya sojan ya juya baya yana tari. Alƙalin bai yi dariya ba. Ya ce ran Lahadi zai zo coci, zai tambayi Fada, limamin cocin, a gaban kowa ko ya san wannan carbin a hannunta. Idan Fada ya ce bai sani ba, ita gidan yari, maƙwabcinta jirgi.

Kwana huɗun nan ban san yadda na yi su ba. Na zaci Inna za ta je ta shirya magana da Fada. Ta ce ba za ta sa bawan Allah ya yi ƙarya ba, ita ma wadda ta yi wa alƙali ta ishe ta. Abin da za ta yi shi ne ta mai da maganar gaskiya. Kullum da safe ta ɗauki carbin ta tafi coci, ta durƙusa a sahun gaba inda Fada zai gan ta, ta ja shi tun daga farko har ƙarshe. Ta dawo tana ɗingishi, gwiwoyi sun kumbura.

Ran Juma'a ina shafa mata man kaɗe ta ce, "Ni duk na rikice, babu inda ake hutawa a cikinsa sai sau biyu. Me mijin naki yake faɗi a kan wannan tulin?"

Na ce sunayen Allah ne, ɗari ba ɗaya.

"To ɗayan fa? Wa ya ɗauke?"

Na ce ban sani ba. Ta ce in tambayo. Maigida daga ɗaki ya ce a gaya wa Inna haka aka ba mu. Ta ce, "Ka ji rowa."

Ran Lahadi na tafi, kamar yadda duk wanda aka yi wa baftisma a bauta, irina, yake leƙawa lokaci-lokaci. Na tsaya can baya. Bayan an idar, alƙalin ya tare Fada a bakin ƙofa, jama'a suka kewaye su. Fadan tsoho ne, ya daɗe a unguwar, na tabbata ya san abin da yake gani. Ya karɓi carbin ya juya shi, ya daɗe yana kallon zaren da aka ɗaura gicciyen. Sannan ya mayar mata.

Ya ce, "Kullum ina ganinta tana addu'a da shi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Alƙalin ya sa hularsa ya tafi.

Ba a ɗauki maigida ba. Carbin ya zauna a wurin Inna, domin idon unguwa yana kansa, shi kuma ya koma ƙirga da gaɓoɓin yatsu. Bai taɓa cewa ta mayar ba.

Amma 'yan ƙungiyarsu ba yara ba ne. Wasu a cikinsu tsoro suke ji kada a ce baƙaƙen coci ma suna da hannu a tawaye. Kafin idin cocin da ke tafe suka zauna, suka karɓi makullin, suka ba wata wankin tufafin Maryamu. Ba su kore ta ba, sun dai daina kiranta. Ranar da aka fito da siffar zagayen unguwa, muna tsaye tare a ƙofa, Inna ta bi ta da kallo har ta sha kwana. Ta ce, "Mayafin ya karkace." Ta shiga ɗaki. Na bi ta da maganganun da na haddace a littattafai, kan sadaukarwa da ladan masu haƙuri. Ta ce in je in duba man ƙosaina.

Ta ci gaba da zuwa coci, tana zama a baya, ta ci gaba da dama wa marasa lafiya kunu. Shekara goma sha biyar muka ƙara yi katanga ɗaya. Da idonta ya tafi, ni nake kai ta, in tsaya a waje in jira. Shekarar da zazzaɓin nan mai sa ido rawaya ya shigo ta jiragen ruwa, ta kwanta kwana biyar ta cika da rana tsaka. Gawa ta yi yawa a gari, 'yan ƙungiya mutum biyu kaɗai suka zo, babu masu ɗauka. Maigida, da furfurarsa, ya sauka bakin ruwa ya kirawo abokan aikinsa uku, duk masu salla ne. Suka ɗauke ta a kafaɗa suka hau gangaren da irin tafiyar da suke yi wa manya, ba girgiza. A bakin ƙofar cocin suka sauke ta, suka ja da baya. An binne ta a harabar, kusa da katangar da ke kallon teku.