Lambar da Yaya Ya Hana Ni Sakawa

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar yayana, Dakta Sabo, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A asibiti ɗaya muka yi aiki a Jos farkon shekarun dubu biyu, shi yana duba marasa lafiya, ni ina ofishin ajiye fayil ina saka wa kowace cuta lambarta. Ba likitan da ya wahalar da ni kamarsa. Wasu su rubuta layi biyu su tashi, shi kuwa sai ya cika shafi da abin da ya zata, da abin da ya ture, da dalilinsa, a ƙasa ya rubuta: ban tabbata ba tukuna. Ina tsokanarsa cewa wannan cutar ba ta da lamba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Bitrus, direban bas ɗin wani kamfani a Titin Bauchi, da ya yanke jiki ya faɗi a tasha. Kamfanin na jiran sakamako, in dai farfaɗiya ce aikinsa ya ƙare.

"Oga, mota ne abincin yarana," in ji Bitrus.

Yaya ya ce ya ajiye tuƙi tukuna, ni kuma ya hana ni saka lamba. Ya auna sukari, ya auna zuciya, ya kira matar Bitrus daga Tudun Wada ya sa ta kwatanta yadda mijin yake yi in abin ya zo, tana yi tana jin kunya. Makonni fayil ɗin yana kan teburina ina ta mita. Daga ƙarshe ta tabbata farfaɗiyar ce. Da kansa ya zaunar da Bitrus ya gaya masa, sannan ya ce min, "Yanzu saka."

Yau kwamfuta muke amfani da ita, ba ta barin ka wuce sai ka zaɓi cuta. Nakan yi dariya in na tuna faɗan da za su sha da Yaya, sai kuma kewarsa ta kama ni.

Bitrus bai sake tuƙi ba, faci yake yi yanzu. Kwanaki na tsaya wurinsa da tayata, ya gane ni, muka yi zancen marigayi.

"Hajiya, yayanki ne ya raba ni da mota," ya ce. "Amma sai da ya tabbata."