Littafi Mai Kaurin Inci Ɗaya da Kwata

A layin masu sayar da tsofaffin littattafai babu wanda bai san Baba Tela ba, duk da cewa babu wanda ya taɓa ganin ya buɗe littafi. Yakan iso bayan abincin rana, tef ɗin awo rataye a wuya, guntun alli maƙale a bayan kunne. Sai ya bi kanta yana shafa littattafai, ya zaro ɗaya, ya matse shi tsakanin tafin hannuwansa kamar mai gwada nunar gwanda, ya ɗora masa tef, ya yi tsaki, ya mayar.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan yana taka keken ɗinki a ɗakin ƙofar gidansa, kuma abu ɗaya ya yi suna a kai, wato miƙaƙƙen ɗinki. Idan ya kalmashe ƙafar wando, sai ka rantse da rula aka ja. Ba ya son a yabe shi a gabansa, amma in an gama ba a yaba ba, yakan taimaka da kansa. "Ido ba mudu ba, ya san kima," in ji shi, yana nuna nasa idon.

Keken nan gadon mutumin da ya koya masa sana'a ne. Simintin ɗakin yana da ɗan kwari a kusurwar taga, don haka tun ranar farko aka cusa wani tsohon littafi marar bango a ƙarƙashin ƙafar keken ta hagu. Shekaru suka yi ta wucewa, littafi yana aikinsa, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke cikinsa. Sai wata rana kwanon rufi ya yi yoyo daidai wurin. Littafin ya sha ruwa, ya kumbura, ya bushe, ya zama abin tausayi.

A makon ne shugabar makarantar da yake ɗinka wa ɗalibanta kaya ta dawo masa da wanduna takwas. Ta ɗaga ɗaya sama, ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo.

"Baba, ka san ina ganin girmanka," ta ce. "Amma iyaye sun fara magana. Ga yadin saiti sittin na sabon zango. Idan suka fito haka, wallahi dole in nemi wani."

Wannan makarantar ita ce babban aikin da ya rage masa, kuma a wurinsa maganar ta wuce ta aiki. Idan aka ce ɗinkin Baba Tela ya karkace, to me ya rage na Baba Tela? Gaskiyar magana, ƙorafi ya girmi yoyon nan da wata biyar. Amma laifi tudu ne, Baba ya taka nasa ya hango na littafi.

Matarsa, wadda shi da duk unguwa suke kira Maman yara, ta ɗan gwada sa'arta. "Baban yara, ko dai za a je a duba idon nan?"

"Idon wa? Ni da nake zura zare a allura tun ba ki san hannun damanki ba? Keke ne ke girgiɗi!"

Ba ta ce masa wata nawa ke nan ita take zura masa zaren ba, ta bar allurar a shirye kafin ya zauna. Kafinta maƙwabcinsa ya kawo guntun katako, Baba ya dube shi kamar ya kawo masa zagi. Ya ce katako ba shi da tausayi, yana sa keke ƙara, takarda kuwa tana numfashi. Haka maigidansa ya yi, haka zai yi. Ya auna ramin, ya ce inci ɗaya da kwata ne cif. Sai Maman yara ta goyi bayansa da wani irin zafi da ya kamata ya ba shi mamaki. Ta ce lallai ya tafi layin littattafai, kuma kada ya yi gaggawa, ya duba da kyau, ko da zai kai yamma.

Shagon farko na wani tsohon malamin makaranta ne, mutumin da ya karanta duk abin da yake sayarwa, shi ya sa ba ya son rabuwa da ko ɗaya. Ya tari Baba da murna.

"Sannu da zuwa, yallaɓai. Wane fanni ake bukata? Tarihi? Waƙa?"

"Inci ɗaya da kwata."

"Wa ya rubuta?"

"Ko ma wane ne, in dai bai wuce kwatan ba."

Da Malam ya gane inda littafin zai kwana, sai da ya nemi kujera ya zauna. Ya yi wa Baba lacca ta rabin awa a kan darajar ilimi. Baba ya saurara da ladabi, ya ce ai shi ma abin da yake faɗa ke nan, ilimi ne kaɗai zai iya ɗaukar nauyin keken. A ƙarshe Malam ya sayar masa da wani littafin da ya tsana, na wani abokin gabarsa tun suna koyarwa tare. Har ragi ya yi masa.

Abin mamaki, tun daga ranar ƙorafi ya ɗauke ɗif. Baba ya yi ɗinki da safe, ya tara a kwando, kashin farko ya tafi makaranta, shugaba ta aiko da godiya. Baba ya riƙa tafiya yana buɗa kafaɗa. Sai dai ba a kwana biyu, Maman yara za ta zo wucewa ta dafa keken, ta ɓata fuska ta ce, "Anya? Ni kamar na ji yana motsi." Baba ya dafa, shi ma ya ji. Wani lokaci ma tun bai dafa ba yake ji. Sai ya rataya tef ya kama hanya.

Da haka ya san layin nan ciki da bai. Ya san shagon ƙarƙashin bene, inda wata ƙatuwar kyanwa ke barci a kan ƙamus, kuma mai shagon ba ya sayar da duk littafin da take kai sai ta tashi don kanta. Baba ya taɓa zaman awa biyu yana jiran ta. Da ta tashi ya auna ƙamus ɗin, inci uku ne. Ya san sabon shagon nan mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura, inda littattafai ke naɗe cikin leda, ma'aikaciya tana bin sa a baya tana cewa, "Baba, don Allah ba a matsawa." Ya san mai shimfiɗa a bakin titi, wanda da ya hango shi zai fara jera littattafai daga siriri zuwa mai ƙiba.

Har ra'ayi ya yi a kan adabi, kuma ba ya rowarsa. Littafin waƙa, in ji shi, ba shi da jiki, sai ka haɗa mawaƙa huɗu kafin su kai inci. Tarihi yana da cika ido, amma kwana uku ya lotse. Lissafi yana da taurin kai. Labaran soyayya kuwa santsi gare su, keke ba ya zama a kansu. Wata rana wasu ɗaliban jami'a suka ji shi yana cewa, "Wannan marubucin ba zai jure nauyi ba," suka ɗauka wani babban masani ne, har ɗaya ta rubuta maganar a takarda. A gida kuwa littattafan da suka faɗi jarrabawa suka taru a bayan ƙofa, sun kai talatin.

Saura kwana huɗu a kai kashin ƙarshe, Baba ya faɗa wani shago a ƙarshen layi da bai taɓa shiga ba. Ana ce masa Rumbu, don littattafai sun cika shi har rufi, hanyar ciki sai mutum ya bi a kaikaice. Mai shagon wata tsohuwa ce ƙarama, kowa Inna yake ce mata. Tana zaune tana manna bangon wani littafi da gam, tana kallon Baba ta wutsiyar ido. Ta ga ya ɗora tef, ya miƙa hannu can nesa, ya ja kai baya, ya kanne ido ɗaya.

"Yauwa! Ɗaya da kwata," ya ce.

Inna ta leƙa. Tef ɗin a juye yake, kuma littafin ya kusa inci biyu. Ta daɗe a duniya, ta san irin waɗannan mazan, idan ka ce musu ga rami sai sun faɗa don su nuna maka babu. Sai ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin tebur ta buɗe. Cike yake da tabarau, waɗanda masu karatun tsaye suka manta a shagon cikin shekara talatin.

"Ɗan'uwa, taimake ni mana," ta ce. "So nake in zubar da marasa kyau, ni kuma idona ya mutu. Kai da ganin ka idonka garau ne. Gwada mini su ɗaya-ɗaya ka faɗa mini na zubarwa."

Baba ya ji daɗin maganar ƙwarai. Ya zauna a kan tarin mujallu ya fara aiki. Na farko ya sa shago ya juya. Na biyu ya mai da Inna biyu, ya ce a zubar da shi maza. Na bakwai wani jan tabarau ne na mata, mai fiffike a gefe da 'yar sarƙar duwatsu. Ya ɗora shi a hanci yana dariya, sai dariyar ta tsaya.

Tef ɗin wuyansa ashe yana da ƙananan layuka tsakanin lambobi. Ya manta da su sam. Ya ga ƙura a kan kantar littattafai, ya ga zanen tafin hannunsa. Sannan idonsa ya sauka a hannun rigar da ke jikinsa, wadda ya ɗinka wa kansa wata uku da suka wuce, yake kuma sa ta kusan kullum don alfahari. Ɗinkin ya tafi kamar sawun maciji a rairayi. Gani ya kori ji. Kunya ta rufe shi, tsoro kuma ya biyo baya, don ya tuna saiti hamsin sun riga sun tafi makaranta daga wannan hannun. To me ya sa shugaba take aiko da godiya?

"Wannan fa?" in ji Inna, ba ta ɗago ba.

"Wannan... ya lalace. Bari in zubar miki da shi a hanya."

"Allah ya yi albarka. Ka zubar da shi a hankali."

Ya ɗauki littafin ya biya, ya kama hanyar gida tun rana tana sama, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga bakin lungu ya ji ƙarar keke. Ko cikin kekuna ɗari zai gane muryar nasa. Ya raɓa jikin bango, ya sa jan tabarau, ya leƙa ta taga.

Maman yara ce zaune a kujerarsa. Kwandon ɗinkin da ya yi da safe yana gefenta, tana farke kalmasa da tsinin almakashi, ta daidaita, ta taka. A hancinta akwai wani baƙin tabarau da bai taɓa gani ba. Littafin da ya sha wahalar samowa shekaranjiya yana kan benci, an ɗora masa kofin shayi. A ƙarƙashin ƙafar keke kuwa tsohon silifas ɗinta ne, kuma keke ko gezau. Shi ya koya mata ɗinki a shekarar farko ta aurensu, ya ɗauka ta manta tuntuni. Ya ga tana tsayawa tana murza ƙugu, ya ga furfurar da ta fito mata a goshi, wadda bai san da ita ba. Wata biyu ke nan tana korar sa yawon littattafai don ta tsare masa sunansa, bai sani ba. Baba ya cire jan tabarau ya sa a aljihu.

Ya koma bakin lungu a hankali. Daga can ya ƙwala wa kafinta gaisuwa da ƙarfi, ya tambayi lafiyar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya har da na ƙauye, ya yi tari sau uku. Kafin ya shiga, silifas ya koma ƙafar mai shi, littafi ya koma ƙarƙashin keke, Maman yara tana shara.

"Yau da wuri? An samu?"

"An samu."

Ya durƙusa ya canza littafi. Sabon ya fi ramin kauri, keke ya ɗan karkace. Ya zauna, ya ciro jan tabarau mai fiffike ya ɗora a hanci, sarƙar duwatsu tana lilo a kumatunsa. Maman yara ta cije leɓe don kada dariya ta ƙwace mata.

"Na auna littafi ne," ya ce, bai dube ta ba.

"Ai na gani."

Ya zura zare da kansa, sau ɗaya. Ya ɗauki wando ya kalmashe, ya taka, ya yanke zare ya miƙa mata. Ta bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta sake bi. A miƙe yake kamar da.

"Wannan littafin ya yi," in ji Baba.

"Ya yi," ta ce. Ta goge ido da bakin zane, sannan ta nuna shi da tsintsiya. "To tunda ya yi, don Allah cire rigar nan ta jikinka. Wata uku ina fakon ta, ka ƙi ajiyewa."

Baba Tela ya dubi hannun rigar, ya dube ta. Ya cire ya miƙa mata, ya tashi ya ba ta kujerar.

"Ɗauko naki tabarau," ya ce. "Yana cikin gwangwanin maɓallai, na ga inda kika sa."