Zabin Baba Mika'ilu

A Fadaman Mada, in ka ce Mika'ilu Gandu ba kowa zai gane ba. Amma ka ce mutumin da aka kawo wa zabin daji har gida, sai a yi murmushi a nuna maka ƙofarsa.

Shekara talatin da biyu ya yi yana gadin namun daji kafin ya yi ritaya ya dawo Bauchi, da ciwon gwiwa da tsohon kakinsa kore wanda ko ɗaurin aure da shi yake zuwa. Bayan unguwar akwai wani ɗan dutse da zabin daji ke kwana a kai. Kullum da hantsi yana can yana kallonsu. Da ya ji masu fasa dutse sun nemi wurin, sai ya garzaya wurin mai unguwa.

"Malam Mika'ilu, ofis ba sa jin 'suna da yawa'," in ji mai unguwa. "Nawa ne? Kawo mini adadi in kai."

To, zabi ba sa tsayawa a layi. Amma Baba ya san dabarar aikinsu ta da. Ka kama wasu ka sa musu alama ka sake su, ka bari su gauraya da 'yan'uwansu, sannan ka sake kamawa. In kashi ɗaya cikin huɗu na sabon kamun suna da alama, to waɗanda ka sa wa alamar su ne kashi ɗaya cikin huɗu na garken duka.

Ya kafa raga, ya zuba dawa, cikin kwana biyar ya kama ashirin. Ya yage hannun kakinsa, ya ɗaura wa kowace ƙyalle a ƙafa, ya tafi Alkaleri biki na mako biyu.

Abin da ya manta a daji shi ne, a gari kaza mai ƙyalle tana da mai ita. Maƙwabcinsa Elias kafinta ne ya fara ganin ɗaya, ya kuma gane koren yadin nan take. Labari ya bazu cewa zabin Baba sun ɓalle yana tafiya. Unguwa ta fita, har da masu tarkon da suka saba cin su.

Da ya dawo, daga tasha dutse ya wuce. Sai bayan isha'i yake shiga gida ya fita da asuba, kwana uku, ya kama talatin, ɗaya tak mai ƙyalle. Ya buga lissafi a ƙasa da tsinke: ɗari shida. Ya san dutsen nan ba zai ciyar da ɗari shida ba. Yana zaune a tsakar gida da rana yana juya abin, sai ya ji kuka daga tsohon akurkin bayan ɗaki.

"Madina, me ke nan?" ya tambayi matarsa.

"Zabinka mana, Malam. Goma sha bakwai aka kawo. Ka sayi zabi ba ka gaya mini ba, ka bar mutane suna ta gudu a kan dutse. Sha shida ne yanzu, na yi baƙi."

Da Baba ya kai masa labari, mai unguwa ya yi dariya har da hawaye, sannan ya rage murya. "Bar shi a ɗari shidan. Shi zai tsorata su."

Baba kam dutsen yake so. Amma ya ce hannunsa bai taɓa rubuta dabbar da babu ita ba. Ya sake aikin daga farko, wannan karon da shuni a ƙarƙashin fiffike inda mai taimako ba zai gani ba. Ashirin masu alama, kamu ashirin da huɗu, shida da shuni. Tamanin ke nan.

Tamanin ba ta tsorata kowa ba. An ba masu fasa dutse gabas, aka bar yamma inda ruwa ke taruwa. Can Baba yake zama yanzu, inji na ƙara a bayansa.

In ya sauko, Elias kan ɗago daga kan katako. "Baba Gandu, yau ba wadda ta ɓace? Mu fito?"

"Kai dai yi aikinka," in ji Baba. "Zabi na je ƙirgawa na ƙirgo mutanen kirki goma sha bakwai. Wadda ta yi miya da ɗaya kuwa har yau ban san layin da zan sa ta ba."