Andarawus da Masu Awon Ruwa

"Mutumin nan na biro yana aiki kuwa har yanzu?"

"Wane aiki? Ordinata ke yi, shi ko kallo."

"To ai shi ya koya mata."

Andarawus yana jin masu wucewa ta taga, bai ɗaga kai ba. Shekara goma sha ɗaya yana tattara awon ruwan sama a biro, wato ofishin noma na Dogon Dutsi. Matarsa ta rasu, 'ya'yan suna Yamai. Da damina, kowace safiya masu duba gwangwanin awo a ƙauyuka sukan kira shi ɗaya bayan ɗaya. Na Lugu ba ya faɗin milimita sai ya gama kukan tsutsar gero. Hantsi kan yi Andarawus bai gama ba, manya a Doso suna jira.

Shi ya sa ya koyi bash, yaren ba kwamfuta umarni, ya rubuta wa ordinatarsa 'yan umarni. Wani umarnin ya kwaso mesaji daga waya, wani ya tace lambobin, wani ya tura Doso da ƙarfe takwas. Abin da ke maimaituwa ya tara shi cikin fishiye guda, wato fayil, har Mariama ta biron Tibiri ta ɗauka tana aiki da shi. Sati biyu tana kira da tambayoyi. Da komai ya zauna daidai, ta daina.

Masu awo ma suka koma mesaji. Malam Zakariya na Dogon Kiriya kaɗai ya rage yana kira, don bai iya rubutun boko ba.

"Ɗan coci, ka tashi? Mun samu tara. Addu'arku ce ko tamu?"

Wannan kiran Andarawus yake jira kafin ya sha shayi.

Ran Talata wayar ba ta yi ƙara ba. Ya duba allo, ga layi ya shigo da kansa: Dogon Kiriya, 14. Tuni ya wuce Doso. Ya zauna har shayin ya huce, sannan ya kira Malam Zakariya.

"Lahiya lau nike," in ji tsohon. "Ɗiyata Marwa ta zo hutu, ta ce in bar wahal da kai, ita za ta riƙa rubutawa. Ba daidai ta sa ba?"

"Daidai ne, Malam."

"To mi ya hwaru?"

Andarawus ya dubi allon, ya gyara murya.

"Ta ci gaba da rubutawa. Amma don Allah gobe ka kira ni, ko ba a yi ruwa ba."