Na Tafi Minna da Ƙullutu, Na Dawo da Doya

Kontagora

Ana kiran assalatu na fito daga gida da 'yar jakata, da kuma ƙullutun da na ji a mamana na hagu wata rana ina wanka. Ma'aikaciyar asibitin unguwarmu ta taɓa wurin, ta ɓata fuska, ta ce in je Minna a yi mini hoto. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Maƙwabta sun gama yanke cewa ciwon daji ne, har wata ta leƙo da muryar tausayi tana tambaya ko zan sayar da keken ɗinkina.

A littattafan da na tashi da su, idan irin wannan ta sami mace, mijin kan durƙusa ya riƙe hannunta, hawayensa na ɗiga a kan kafet, ya rantse zai sayar da kamfaninsa ya fitar da ita waje. Na shirya wa haka. Mijina, Abban Hanifa, ya kai ni tasha a babur, ya tsaya yana duban tayar motar kamar shi zai saye ta, sannan ya ce, "Maman Hanifa, in kin gama ki biya Kasuwar Kure ki taho mana da doya. Mai gari."

Doya! Na shiga mota na kashe wayata. Na ce bari ya ɗanɗana.

Tegina

Rana ta fito ja kamar lallen amarya, amma ramukan hanya ba su bar ni na more ta ba. A kowane shinge sai an buɗe but, an latsa buhuna, an jijjiga jarkoki, sannan direba ya miƙa hannu a yi gaisuwar da ba ta buƙatar magana. Da ana duba jikin mata yadda ake duba but ɗin nan, da cuta ba ta samu maɓoya ba.

A Tegina muka tsaya shan koko da ƙosai. Nan wani mai magani ya shigo da kwalba mai ruwa baƙi. Ya ce tana kashe daji, da basir, da shawara, da rashin kasuwa. "Hajiya, asibiti yanka suke yi, mu narkarwa muke!" Wani tsoho a gaba ya waiwayo ya ce, "Ɗana, kai da ke da maganin komai, me ya hana ka yi wa sanƙonka?" Mota ta ɗauki dariya. Ni ma na yi, amma na daɗe ina kallon kwalbar.

Zungeru

A kan gada na dubi kogi yana tafiya abinsa, na tuna Hanifa da ba ta iya kitso ba tukuna. Wa zai koya mata? Na ja mayafi na rufe fuska. Matar da ke gefena ta zaci amai nake ji, ta ba ni leda.

Minna

Muka shigo ta Bosso, cikin ɗalibai da masu keke suna ta hon. Keke ya kai ni Ketaren Gwari, gidan Goggo Ladi, ƙanwar babana. Ina zama na kai mata ƙarar doya.

"Shi ke nan laifin?" in ji ta. "Ni ina naƙudar fari Malam ya ce in na dawo in nemo masa carbinsa. Ci tuwonki, 'yar nan."

Asibiti

Washegari da sassafe Goggo ta raka ni. A benci na zauna kusa da wata mata da ta lulluɓe ƙirjinta da zane biyu. Ƙanwarta ta raɗa mini cewa tun damina ta ji nata ƙullutun, aka yi ta shan irin kwalbar nan, sai da wurin ya fashe suka taho. Matar ta matsa ta ba ni wuri in zauna da kyau.

Na sa rai da likita dogo, mai farin gilashi da ƙamshin turare, wanda zai cire gilashin a hankali kafin ya faɗi baƙin labari. Aka ba ni wata gajeruwar mata 'yar Bida, mai silifa, da alƙalami a cikin ɗankwali.

"Kwanta. Ɗaga hannu," ta ce da Hausarta ta Minna. "Ka zo da wuri, shi ne ina so."

Ta shafa mini wani abu mai sanyi, ta bi wurin da na'ura tana kallon allo. Na rufe ido ina salati. A littafi a nan ake suma. Na jira, suman bai zo ba.

"Ruwa ne," ta ce. "Ba daji ba. Jaka ne ya tara ruwa."

Ta sa allura ta zuƙe shi. Na laluba, babu komai. Ta ce in dawo a sake dubawa, kuma kafin in fita in shiga ɗakin gaba a gwada mini bakin mahaifa, don bincike ya nuna dajin wurin ba ya sallama, sai ya yi nisa ake jin sa. Ta tambaya ko ina da 'ya mace, na faɗa mata shekarun Hanifa, ta ce ta isa allurar rigakafinsa. Da ta ce Goggo ma ta shiga, Goggo ta ce ita lafiyarta ƙalau, rakiya ta yi. Likita ta ce, "Mama, 'yan rakiya ne na fi kamawa." Haka Goggo ta shiga tana mita, ta fito tana mita, an ce mu duka babu komai.

Da muka fito, matar bencin tana nan ba a kira ta ba. Na yi mata fatan sauƙi. Ta ce, "Amin. Ke kam ki gode Allah."

A Kasuwar Kure Goggo ta zaɓa mini doya, tana ƙwanƙwasa kowace da yatsa.

Gida

Da la'asar muka shigo tashar Kontagora. Ban sauko ba wani ɗan kamasho ya ce, "Hajiya, ke ce ta Minna? Don Allah zo ki ɗauki mijinki. Tun jiya duk motar da ta shigo sai ya leƙa ta, har ta Zuru."

Ga shi nan da rigar da na bar shi da ita. Ya dube ni, ya dubi buhun da na sauko da shi.

"Kin samo doyar?" ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba.

"Ruwa ne, Abban Hanifa. An zuƙe."

Ya zauna a kan buhun, ya cire hula ya rufe fuskarsa da ita. Babu kafet, sai ƙasar tasha da man mota, kuma 'yan kamasho suna kallo. Na tsaya na kare shi da mayafina har ya gama.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Goggo Ladi da likita mai silifa, ina kuma roƙa wa matar bencin sauƙi. Ga maƙwabciyata kuwa, keken ɗinki yana nan, ba na sayarwa ba ne.