Kunnen Rago a Gidan Toktosun

"To in ba naka ba, na wa za mu ɗauka?" in ji Malama Gulnor, shugabar masu binciken ƙanƙara. "Duk kwarin nan shanunka ne kaɗai ke taka ƙanƙara da kaya."

"Tambayi madugunku," Toktosun ya ce, yana wasa wuƙa. "Ni ai mashayi ne. Haka ya shaida wa duniya."

Esenkul madugu ya ƙura wa kofin shayinsa ido.

Toktosun makiyayi ne a tsaunukan Pamir, sama da garin Murgab. Tun yana yaro yake bin yak, shanun nan masu gashi har ƙasa. Shekara takwas da suka wuce masu bincike suka hau dutsen ƙanƙara, suka haƙo ta sanda-sanda har suka kai ga wadda ta kwanta tun zamanin babban sanyi. Gulnor ta ɗaga masa guda ya gani: ga layin ƙura ja, ga mai ruwan toka. Ta ce kowace ƙura da hamadar da iska ta kwaso ta daga can, da haka suke gane lokacin da iska ta sauya hanya. Ya saurara har ƙarshe, abin ya burge shi, don shi ma sai ya duba iska yake kora shanu.

Shanunsa aka ɗauka su sauko da sandunan ƙanƙarar a cikin akwatuna. Ranar saukowa ya ce a bi gefen inuwa, ko da za a ƙara yini. Esenkul na sauri, mota na jira a ƙasa. Ya sa aka bi gefen rana, ya kuma hana shimfiɗa bargon ulu tsakanin akwati da bayan dabba, wai ƙarin nauyi ne. Rana ta gasa daga sama, jikin dabba ya ɗumama daga ƙasa. Akwati uku na ƙanƙara mafi tsufa suka iso ruwa tsundum. Esenkul ya ce Toktosun ne ya bugu ya yi barci a hanya. Tun daga nan ba wanda ya sake ba shi dako, a kasuwa ma Baba Mai-ruwa ake kiransa.

Yau ga su sun dawo, shi kuwa ya yanka rago ya tara dattawan kwarin.

Matarsa Burulca ta ajiye kan ragon a gabansa. Maigida ke rabawa. Ya yanko kumatu ya miƙa wa Gulnor, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya yanke kunne, rabon yara, wanda ake ba su don su riƙa jin magana, ya ɗora a gaban Esenkul mai furfura.

Wani ya ƙunshe dariya.

"Yaya Toktosun, mene ne haka?" in ji Esenkul.

"Ci mana, ɗan auta. Ko Allah zai sa ka fara ji."

"Malam, baƙo ne fa," Burulca ta ce a hankali.

"Na sani. Shekara takwas ina jiran baƙon nan."

Esenkul ya dubi Gulnor, ya ga ta ajiye namanta tana kallonsa. Ya ce ƙasa-ƙasa:

"Ni na ce a bi rana. Ni na hana bargo."

"Ɗaga murya. Kunnen Baba Mamit ya yi nauyi, kuma shi ke kai labari kasuwa."

Esenkul ya maimaita da ƙarfi, ya ƙara da cewa bai taɓa ganin Toktosun da kwalba ba. Baba Mamit, ɗaya daga cikin dattawan, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu kam ya ji.

Toktosun bai ce ya yafe ba. Ya goge wuƙar ya mayar kube.

"Jibi, shanu goma sha biyu, ta gefen inuwa. Esenkul kuma a baya zai tafi da buhu, yana tsintar mana kashin shanu na hura wuta."

Ya miƙe, ya saɓa igiya a kafaɗa, ya nufi garke ya duba kofaton bijimin da ke ɗingishi.